Ramukan da Babu Iri a Ciki

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ni ba gwana ba ce, ga shi kuma a kan gwiwa nake yi, a bayan rumbu, a ƙarshen littafin Bayoloji inda takarda ta rage. Mama tana tsammani wake nake tsincewa. Waken yana nan a faifai, kaji sai zagaye shi suke yi. In kun ga na soke wani wuri na sake, rashin sabo ne.

Malama Abigel ce ta jawo mini wannan aiki. Ita ke koya mana a makarantar Lahadi, ajin manyan 'yan mata. Ta ce kowacce ta zaɓi zabura ɗaya ta yi mata misali irin wanda za a iya faɗa wa yara, ta rubuta ma'anarsa a ƙasa, a kawo ran Lahadi. Duk ajin suka ruga kan ta makiyayi, har mutum bakwai. Ni ban sha wahalar zaɓe ba, don akwai wadda ake karantawa a gidanmu kowace safiya, shekara biyu ke nan, har na haddace ta ba da niyya ba. Ta ɗari da ashirin da shida. Gajeriya ce. Farkonta maganar mutanen da aka kwashe zuwa wata ƙasa ne, Allah ya dawo da su gida, suka yi ta dariya kamar a mafarki. Ƙarshenta kuma maganar manomi ne da ya fita da iri yana kuka, ya dawo da dammuna yana waƙa.

Da na faɗa wa Malama lambar, sai ta ce, "Kin san Yahudawa ma suna rera ta har yau?" Ta taɓa zuwa Urushalima, a can ta ji. Wai ran hutunsu, wato Asabar, da ranakun idi, in sun gama cin abinci, kafin su yi addu'ar godiya, sai su rera ta a nan wurin cin abincin, yara da manya.

Na ce, "Malama, a ƙoshe?"

Ta ce, "A ƙoshe."

Abin ya tsaya mini a rai. Mu nan sai an yi rasuwa, ko fari, ko wani ya shiga wani hali muke buɗe ta, sai kuma ran godiyar kaka. Fasto yakan ce irin nan maganar Allah ce da mai bishara yake yafawa da wahala. Waƙa ɗaya ce, amma su a gaban abinci, mu yawanci a bakin kabari.

Ban san ko zan miƙa takardar nan ba. Wataƙila in ce na manta. Ga misalin dai.

Akwai wani mutum, manomi, yana da gona ɗaya gabas da gari. Yana da wani irin gero da ya gada wurin ubansa, mai doguwar zangarniya, wanda ba kowa ke da shi ba. Kowace kaka yakan zaɓi zangarkun da suka fi kyau, ya ɗaure su wuri ɗaya, ya rataye a madafi bisa murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Wannan shi ne irinsa na baɗi.

Sai wata shekara ya yi shuka da ruwan fari, gero ya tsiro har ya kai tsawon yatsa, ruwa ya ɗauke. Yana kallo komai ya ƙone. Ya sake shuka, ya sake ƙonewa. Shekarar nan shi da matarsa sun sha wuya ƙwarai. Abin da ya rage masa a madafi 'yan zangarku ne da hannu ɗaya zai riƙe. Sai mutumin ya ce a ransa, "Ƙasar nan ta ci amanata. Ba za ta sake ganin ƙwayata ba sai na tabbata."

Yana da maƙwabci, wani tsoho, danga ɗaya ta raba su. A gidan tsohon suna da al'ada. Ran hutu, in an gama cin tuwo an wanke hannu, sai su rera wata waƙa da suka gada, ta wanda ya fita da kuka ya dawo da dammuna. Ko tuwon ya isa ko bai isa ba, sai sun rera. Rumbun tsohon kuwa bai taɓa zama wayam ba. Mutumin yana jin su ta danga, sai ya ce, "Ashe asirin ke nan, kuka ne. To wa ya fi ni abin kuka a garin nan?"

Bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, mutane suka fita binne. In akwai wadda ba ta sani ba, binne shi ne a yi shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Maigida yana gaba da sungumi yana sara ramuka, na baya suna jefa iri suna rufewa da dunduniya.

Mutumin ya tashi da sassafe ya shiga madafi, ya ɗaga hannu zai sauko da irin. Hannun ya kai, ya taɓa, ya dawo. Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya ɗauki ƙoƙon shuka yadda yake, babu komai ciki, ya rufe bakinsa da tsumma, ya saɓa sungumi.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka manta iri."

Ya ce, "Ban manta ba."

"To me za mu zuba?"

"Ke ba inda za ki. Zauna ki ji da gida. Yau sara kawai zan yi. In na ga kamun ruwan, sai in bi in zuba."

Ya je gona ya yi sara, layi-layi, gwanin kyau, don shi gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Da ya kai ƙarshe ya juyo, sai ya ga mutane a gonakin gefe, kowa yana zuba iri yana rufewa. Kunya ta kama shi ya bar nasa ramukan a buɗe a gan su. Sai ya bi layin. Ya sa hannu cikin ƙoƙo, ya fitar, ya miƙa kamar mai jefa wani abu, ya rufe da dunduniya. Ya sa hannu, ya fitar, ya rufe. Yana cikin haka ya tuna geron bara da yadda ya ƙone, sai hawaye suka zubo masa.

Kukan nan na gaskiya ne fa. Ina so yara su gane wannan. Ba na ƙarya ya yi ba, zuciyarsa ciwo take yi da gaske. Ƙoƙon ne kawai babu komai.

Matan da za su rijiya suka tsaya da tulunansu suna kallo. Wata ta ce, "Ku dubi bawan Allah. Duk abin da ya same shi bara, ga shi ya sake fitowa." Maza suka riƙa ɗago masa hannu daga nesa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari." Wani ya kawo masa ruwa a gora. Da yamma aka yi ta ba da labarinsa a ƙofar gidaje, iyaye suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da shi. Mutumin ya ji daɗin wannan, ko da yake bai ce ya ji ba.

Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka, mai yawa, har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ya ce a ransa, "Ruwan fari ne, ba a yarda da shi. Haka ya yi mini bara." Ya bar irin a rataye.

Gonakin mutane suka tsiro, ko'ina kore. Tasa kuwa ko tsinke. Sai mutane suka zo masa jaje. Wani ya ce fakaru ne suka tone binnen. Wani ya ce a'a, ɓeraye ne, bana sun yi yawa. Wani ya ce gara ce. Mutumin ya zauna a tabarma yana karɓar jaje, kansa a sunkuye, yana cewa, "Haka Allah ya so."

Nan ne haushi yake kama ni ko da ni na ƙirƙiro shi. Allah ya so me? Allah ya aiko ruwa. Allah ya ba shi ƙasa, ya ba shi ƙafa, ya ba shi iri mai kyau wanda ba kowa ke da shi ba. Sai kuma a ɗauki laifi a ɗora wa fakara da Allah. To, bari in ci gaba.

Tsohon nan maƙwabcinsa ya auno gero a ƙwarya ya kawo masa, ya ce, "Ga wannan, ka sake gwadawa, da sauran lokaci."

Ya ce, "Na gode, Baba. Nawa nake jira."

Tsohon ya dube shi, ya koma da ƙwaryarsa.

Ruwa na biyu ya sauka, na uku ya sauka. Mutumin ya ce a ransa, "Kukan ne bai isa ba." Ya sake ɗaukar sungumi da ƙoƙo mai tsumma, ya sake sare gonar tun daga farko, ya sake bin ramuka yana rufewa. Wannan karon kukan har da murya, ana ji daga hanya. Ya kuma kafa doka a gidansa, ba a dariya sai gero ya tsiro. Ran nan akuya ta cusa kai cikin tukunya ta kasa fitarwa, tana ta karo da danga, matar ta yi dariya ba ta sani ba. Ya leƙo ya ce, "Muna cikin shukar hawaye kike wage baki?" Ta haɗiye dariyarta, ta je ta cire wa akuya tukunya.

Ita ma matar tana ba ni haushi, gaskiya. Ita kaɗai ta san abin da ake ciki. Kullum a ƙarƙashin irin nan take girki. In ta ɗaga kai tana ganinsa, hayaƙi yana ta mai da shi baƙi. In mata suka ce mata, "Sannu, mijinki mai bangaskiya ne," sai ta ce, "Yauwa." In ta kai masa tuwo sai ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta rufe. Ta ce ba girmanta ba ne. Ta ce zai yi fushi. Ta ce gobe. Goben ta zo, ta sake cewa gobe. Mutane har sun gama noman fari tana nan tana gobe.

Sai ran hutu ya zo. Mutumin yana zaune a tsakar gida, ya ji an fara waƙar nan ta danga, har da tafi, yara suna ja da ƙarfi. Ransa ya ɓaci. Ya tashi ko takalmi bai sa ba, ya zagaya ya shiga gidan tsohon.

Tsohon ya ce, "Maraba. Zauna, da sauran tuwo."

Ya ce, "Ban zo cin tuwo ba. Na zo in gaya muku waƙar nan taku ƙarya ce."

Yara suka daina tafi. Tsohon ya ce, "Ina ta yi maka ƙarya?"

"Sau biyu na fita da kuka. Gaban rigata ya jiƙe, gari duka shaida ne. Ina dammunan? Ku kuna nan a ƙoshe kuna tafi, ni da na yi kukan ko tsiro ban gani ba."

"Wane iri ka zuba?"

"Na ce maka na yi kuka har muryata ta dishe."

"Na ji wannan, har nan muna ji. Iri nake tambaya. Na ubanka ne, mai doguwar zangarniya?"



Tsohon ya ce, "Abin da ya sa na tambaya, na bi ta gonarka jiya. Fakara in ta yi tono takan bar sawu. Ɓera yakan ci ya rage. Ko gara ce, a cikin rami ɗari sai ɗaya ya tsira. Taka kuwa ko ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin fakara mai tsabtar aiki haka ba."

Ana cikin haka sai aka ji "Gafaranku dai" daga bakin ƙofa, a hankali. Matar mutumin ce. Ta shigo da abu a hannu baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta durƙusa, ta ajiye shi a tabarma gaban tsohon, ba ta dubi mijinta ba. Ta ce, "Baba, ba fakara ba ce."

Ba wanda ya yi motsi. Mutumin ya dubi irin, ya dubi matarsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Tsohon ya kori yara waje, sa'an nan ya ce, "Ɗana, rabin waƙa ka ji ta danga. Wanda ke cikin waƙar shuka ya fita yi. Kukan a hanya ya same shi, don abin da ke barin hannunsa shi ne na ƙarshe, bai kuwa san ko zai dawo ba. Mu da muke rera ta a ƙoshe, don kada mu manta ne. Tuwon da ke cikinmu, sai da wani ya saki abin da yake ji da shi."

Mutumin ya ce, "In ya sake ƙonewa fa?"

"Zai iya."

"To ka gani."

"A hayaƙi ma mutuwa zai yi, a hankali dai. Kana tsammani shekara nawa hayaƙi ke riƙe iri?" Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Kwana biyu suka rage maka. Bayan haka ko ka shuka, ruwa zai tafi ya bar shi bai nuna ba."

Mutumin ya ɗauki irinsa ya koma gida, bai yi wa matarsa magana ba. Ya zauna a bakin madafi, ya zaro zangarniya ɗaya ya murza. Ƙwayoyi suka zubo a tafin hannunsa, fari tas a ƙarƙashin baƙin hayaƙin. Ya tuna ubansa. Ya tuna in waɗannan suka ƙone, geron gidansu ya ƙare ke nan har abada. Sai wani kuka ya zo masa dabam da na da, marar murya, wanda ba mai ji daga hanya.

Kashegari ya fita, shi a gaba da sungumi, matarsa a baya da ƙoƙo a buɗe. Ba wanda ya ce masa sannu, don kowa yana can sunkuye cikin gonarsa yana noma. A ranar ne ya shiga cikin waƙar.

Misalin ya ƙare nan. In yara suka tambaya ko geron ya yi, a ce musu ba a sani ba. Ni ma ban sani ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar nan ita ce abin da muke roƙon Allah a kai dare da rana. Irin kuwa shi ne ɗan abin da Allah ya riga ya sa a hannunmu game da roƙon, wanda muke tsoron saki. Wani nasa irin kalma ɗaya ce. Wani tafiya ce zuwa ƙofar wanda suka ɓata. Wani kuma "na yi kuskure" ne, ya rataye shi bisa murhu shekara da shekaru yana ta baƙi. Ban ce addu'a ba ta da amfani ba, kada a ce na ce. Ban ce hawaye laifi ne ba. Ai zaburar ba ta raina hawaye ba. Amma ku buɗe ku duba da kanku, mutumin da ke cikinta yana ɗauke da iri, kuma tafiya yake yi. Ba a ce ya zauna ba.

Shi ya sa nake ganin Yahudawan da suke rera ta a ƙoshe sun yi daidai, mu ma da muke rera ta da kuka mun yi daidai. Su suna tsaye a ƙarshen gona suna waiwaye, suna tuna kakanninsu da aka kwashe aka dawo da su, suna kuma sa rai Allah zai sake yi. Mu muna bakin gona muna neman ƙarfin shiga. Dukanmu akwai iri a zancenmu. Wanda bai da wuri a waƙar shi ne mai rufe rami babu komai, yana jira a ce masa sannu. Kuma mu masu cewa sannun, mu ma da namu. Da matan rijiya sun ce ya buɗe ƙoƙon su gani, da ba a kai haka ba.

Malama, in kin karanta har nan, daga nan ba na yara ba ne. Kada ki karanta a aji, don Allah.

Kin san Babana, dattijo ne a ikilisiya. Kin san Yaya Gidiyon, wanmu. Tun yana ciki Baba ya yi wa Allah alkawari zai zama fasto. Ya tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi shekara ɗaya ya dawo ya ce shi ba kiransa ba ne, shi inji yake so, gyaran mota zai koya. Ina wanke-wanke a tsakar gida ran da suka yi faɗan. Baba ya ce, "In ka fita ƙofar nan, kada ka sake tako ta sai na kira ka." Yaya ya ɗauki jakarsa ya tafi wani gareji a Funtuwa. Shekara biyu ke nan.

Tun daga ranar, kowace safiya a addu'ar gida sai Baba ya buɗe zaburar nan. In ya kai wurin da ake roƙon Allah ya dawo da waɗanda suka tafi, sai muryarsa ta karye. Yana kuka, Mama tana kuka, mu muna amin. Ran Laraba a taron addu'a ya tashi ya ce a taya shi roƙo Allah ya dawo masa da ɗansa. Mutane su yi ta cewa, "Dattijo akwai haƙuri." Ke ma na ji kin faɗa, Malama, ki yi haƙuri. Gidanmu ko rediyo ba a ƙurewa yanzu. Mama kowace Asabar sai ta share ɗakin Yaya ta kaɗe katifa, ta rufe.

Wayar Baba kuwa tana aljihun gaban rigarsa. Yana durƙushe yana kukan nan ina ganin shatinta. Lambar Yaya tana ciki, na gani ran da ya ba ni in sa masa kati. Bai goge ba. Bai ma canza sunan ba, har yanzu "Ƙaramin Fasto" ya rubuta. Allah zai sauko ne ya danna masa? Shi ya ce sai ya kira. Shi ya rufe ƙofar da bakinsa, makullin yana aljihunsa, kullum kuma yana roƙon Allah ya buɗe. Ina son Babana, Allah ya sani, kukansa na gaskiya ne. Amma wani lokaci in muna amin ɗin nan ji nake kamar in tashi in fita.

Ran Litinin da aka tashe mu daga makaranta na tarar da Yaya a bakin ƙofar makaranta a kan babur. Ya rame, ya yi baƙi, duk farcensa baƙin mai. Ya saya mini gyaɗa. Ya ce maigidansu zai koma Fatakwal da aiki, zai tafi da shi, motar farko ran Asabar. Ya ce wanda ya tafi can ba ya dawowa da wuri.

Na ce, "Yaya, ka zo ka yi sallama mana."

Ya ce, "Shi ya ce sai ya kira."

"To ka zo kawai, me zai yi maka?"

"Keziya, ke yarinya ce. Ki dai gaya masa. Ko filashin ya yi mini, ba sai ya yi magana ba, zan zo in durƙusa. In bai yi ba, na san amsata."

Shi ma haushi ya ba ni. Kai ɗaya ne da su, shi da Baba, har yadda suke ɗaure fuska. Na ce masa to. Ya tayar da babur ya tafi.

Yau Alhamis. Ban faɗa ba.

Talata na ce Baba ya gaji daga gona. Laraba na ce akwai taron addu'a, kada in ɓata masa rai. Yau da safe yana karanta zaburar, na buɗe baki, ya ɗago ya dube ni, sai na ce amin. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, kin sani. Tun da nake ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai ya tambaye ni. Tsoro nake ya ce, a ina kika gan shi, wa ya ce ki tsaya da shi. Tsoron da ya fi wannan kuma, kada in faɗa ya ji, ya yi shiru, ya bar wayar a aljihu. In haka ta faru, shi ke nan, ba sauran abin da zan riƙa cewa da na faɗa da ya kira.

Da na fara rubutun nan Baba nake wa haushi. Sai da na kai wurin matar da take girki a ƙarƙashin iri tana cewa gobe, na ga hannuna ya tsaya. Ni na rubuta ta, ban kuma gane ta ba sai da na gama.

Kuma yanzu na lura da wani abu da ya ƙara ba ni haushin kaina. A raina cewa nake in Malama ta karanta, wataƙila ta gaya wa Fasto, Fasto ya yi wa Baba magana, ni ba ruwana. To ran Lahadi za a karɓi takarda. Motar kuwa ran Asabar za ta tashi. Ashe shafi shida ɗin nan duk sara na yi, layi-layi, gwanin kyau, har da hawayena a kan shafi na huɗu inda biro ya baje.

Ga ƙarar keken Baba nan, ya dawo daga gona. Ya jingine a bakin zaure. Yanzu zai zauna a kujerarsa ya ce a kawo ruwa.

Ya kira. "Keziya." Ni ce mai kai ruwa.

Kaji sun samu waken, Mama za ta yi faɗa, ba komai. Na miƙe. Ya sake kira, shi kuwa ba ya kira sau uku. Zan kai masa a kofin silba, in jira ya sha ya ajiye, ba zan tashi daga durƙuson ba, ba zan dubi fuskarsa ba, aljihun kawai zan duba, in ce, Baba, ran Litinin na ga Yaya Gidiyon, ya ce in gaya maka